Magi Mai Tauraro da Fatar Maroko: Tarihin Tambari a Birnin Kano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bar su sun saurara ba.

Da aike zan fara yau. Ina yaro a cikin gari, kakata ce mai aikena kantin bakin layi. Allah ya jiƙanta, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba a taɓa yi mata canjin kaya ta karɓa ba. Sai ta ce, "Kai ɗan nan, je ka sayo min magi mai tauraro da batir mai kan damisa. In ya ba ka wani, ka dawo min da kuɗina." Ni ma lokacin ban iya karatu ba, amma na san tauraro, na san damisa. Sai da na girma na gane cewa ni da kakata karatu muke yi, karatun tambari. Kamfanin da ya zana tauraron nan bai san da mu ba, amma ya yi mana magana, mun kuma ji.

To abin da za mu tattauna kenan. Me ke sa alamar kaya ta fita daban, a gane ta, har hukuma ta hana wani taɓa ta? Ba sai mun je Amurka neman misali ba, amsar tana nan tsakanin Kurmi da Ƙofar Mata.

Ku lura da kalmar kanta tukuna. Yau in an ce tambari, sai hankalinku ya tafi kan ɗan zanen da ke jikin kwalba ko saman shafin kasuwanci. Amma a wurin kakanninmu tambari ganga ce ta sarauta. Ba a kaɗa wa attajiri komai dukiyarsa, ba a kaɗa wa malami komai iliminsa, sarki kaɗai ake kaɗa wa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya shigo da kakaki da figini da takalman gashin jimina cikin kayan sarauta. Ga kuma tagwayen masu, waɗanda duk Bakano ya san na waye. Abu uku suka haɗu a waɗannan kaya. Ba su yi kama da na kowa ba. Ana gane su daga nesa, ko da ido ko da kunne. Sannan akwai ikon da zai hukunta duk wanda ya yi gigin ɗauka. Ku riƙe ukun nan, don duk dokar tambarin kasuwanci ta zamani a kansu take tafiya.

Yanzu mu bar fada mu gangara kasuwa. Rumfan dai shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, a ƙalla. Tambayar ita ce, Buzun da ke Agadas, ta yaya ya san rawanin da ke hannunsa na gaske ne?

Da suna yake ganewa, da ido, da kuma mutum. Sunan gari ne ke bin kaya, shi ya sa har gobe ake cewa ɗan Kura, wato baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake rinawa a buga a garin Kura. Idon mai saye ya san irin shuɗin, ya san irin ƙyallin da bugu ke fitarwa. Sannan ga fatoma, mai masaukin da baƙon ɗan kasuwa ke sauka a gidansa, ga dillali a tsakani. In kaya suka fito da algus, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutuncin fatoma shi ne takardar shaida.

Tsarin ya yi aiki shekaru aru-aru, kada wani ya raina shi. Amma yana da rauni guda. Shaidar tana jikin mutum, ba ta jikin kaya. Da zarar kaya sun wuce inda aka san fatoman, sun zama marayu, duk wanda ya tsince su sai ya raɗa musu suna.

Haka ta faru da fatarmu. Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, fatarta na cikin mafi kyau a duniya, ga laushi ga ƙarko. Majema a Kano su jeme ta, a rina, a ɗora wa raƙuma, a keta Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Daga tashoshin jiragen ruwan can Turawa ke saye, su kai Ingila da Faransa, su yi bangon manyan littattafai da ita. Da suka tashi kiran ta sai suka ce fatar Maroko. Sunan kenan da ya zauna a bakinsu har yau. Makiyayi ya yi kiwo, majemi ya sha warin jima, fatake sun sha ƙishirwar hamada, suna kuma ya tafi ga wanda ya miƙa a ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wanda ya yi mana fashi fa. Fatar ce ta fita ba tare da wata alama a jikinta da za ta ce daga Kano nake ba.

Abin mamaki, a daidai wannan zamanin, kayan da ke shigowa Kano daga wancan ɓangaren suna zuwa da alamarsu. A cikin kayan Turai da Barth ya lissafa a kasuwar Kano akwai takarda mai alamar wata uku. Takarda ce da ake yi a arewa maso gabashin Italiya. In ka ɗaga ta saitin haske za ka ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikinta. Ba da tawada aka zana ba, tun wurin yin takardar aka dasa shi. Turawan sun zaɓi jinjirin wata ne saboda sun san kasuwarsu ta Musulmi ce. Ɗimbin Alƙur'anai da littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, a kan irin wannan takardar suke. Malami a Madabo bai san Italiyanci ba, amma ya san wata uku.

Sai dai akwai darasi na biyu a nan. Masana'antu da yawa ne suka riƙa saka wata ukun, har ya zama yana nuna nau'in takarda kawai, ba ya nuna wanda ya yi ta. Shi ya sa masu yin ta suke ƙara haruffan sunansu a gefe, kamar gidan Galvani na garin Pordenone, wanda takardarsa ta cika ƙasar Hausa. Alamar da kowa ke sakawa ta daina zama ta kowa.

Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, layin dogo ya iso a 1911. Nan da nan kantuna suka buɗe a wajen badala, irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO da Paterson Zochonis, sai UAC da aka kafa a 1929. Gyaɗa da fata suna fita, kayan gwangwani da sabulu da taba da kekuna suna shigowa. Masu kantin nan sun gane abu guda da wuri, mafi yawan masu sayensu ajami suka iya, ba boko ba. Don haka sai suka dogara da hoto. Zobe, tauraro, kambi, makulli, kan dabba. Mutanenmu kuma suka yi abin da suka saba, suka raɗa wa kowane kaya suna da hoton jikinsa, mai kaza, mai kaza.

Doka ma tare da kantin ta zo. Ingila ta buɗe rajistar tambura a ranar 1 ga Janairun 1876, kuma na farko da aka rubuta jan zane ne mai kusurwa uku na kamfanin giya na Bass. A nan gida, dokar farko ta fito a 1900 don kudancin Najeriya, bayan haɗewar 1914 ta game ƙasa baki ɗaya. Wadda muke aiki da ita yanzu ta 1965 ce, ta fara aiki a 1967. Ku lura, an kawo dokar ne don kare kayan da ake shigowa da su. Marinin Ƙofar Mata da badukun Kurmi ba da su aka yi lissafin ba, su ma ba su nemi shiga ba.

Wasu sunayen sun yi ƙarfi har suka haɗiye kayan gaba ɗaya. Duk garin sabulun wanki omo ne a bakinmu. Duk man goge baki makilin ne, alhali Macleans sunan kaya ɗaya ne. Duk ɗanɗanon miya magi ne, shi ya sa kakata ke ƙarawa da "mai tauraro". Man zafi kuwa mantaleta, daga Mentholatum. A ido wannan nasara ce, amma masu kamfani tsoronta suke ji. In ka ce a ba ka omo aka miƙo maka wani ka karɓa ba gardama, to sunan ya daina yi wa mai shi aiki, kowa yake yi wa.

To ina maganar kotu? A nan Kano aka yi ɗaya daga cikin shari'un da ɗaliban lauya ke karantawa har yanzu. A 1972, kamfanin Trebor mai yin minti ya kai kamfanin Associated Industries gaban babbar kotun Kano, saboda sun fito da nasu mintin mai suna Minta Supermint a cikin takardar naɗi mai kama da ta Trebor. Sunaye biyun ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma kotu ta duba yadda naɗin yake a idon mai saye, ta ce wannan sojan gona ne, ta ba Trebor gaskiya. Yaron da aka aika sayen minti ai ba harafi yake dubawa ba, launi da fasali yake dubawa.

Kafin nan, a 1968, Kotun Ƙoli ta duba rikicin magunguna biyu na yara, Castoria da Casorina. Ta nuna cewa ba ido kaɗai ake tambaya ba, har da kunne, don a kanti da baki ake faɗar suna. Ku maimaita sunayen biyu da sauri ku ji.

Amma kada ku ɗauka kullum mai ƙara ke nasara. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Ferodo, masu yin birkin mota, da kamfanin Ibeto mai birki Union. Ferodo suka ce an kwaikwayi kwalinsu mai ja da baƙi da fari. Kotu ta ce abin da ya zama tambarinsu shi ne kalmar Ferodo, sauran launuka da zane ado ne kawai, ba su nuna cewa jama'a sun san adon a matsayin nasu su kaɗai ba. Suka faɗi. Kenan ba duk abin da ka ƙawata kwalinka da shi ne naka ba.

Wanda ya san Kantin Kwari ya san wannan yaƙin bai ƙare ba. Me ya sa hajiya ke juya atamfa ta duba bakin zanin kafin ta taya? Saboda a nan kamfani ke buga sunansa da lambar zanen. Vlisco na ƙasar Holan, wanda ya faro tun 1846, da rubutun bakin zani yake rantsuwa, haka masu shadda Getzner ta Ostiriya. 'Yan jabu kuma suka koyi buga rubutun da kansa. Masaƙunmu na Kano da Kaduna sun sha wannan, a kwafi zanensu da tambarinsu a waje, a shigo da shi ta ɓarauniyar hanya a farashin da ba za su iya ba. Ba shi kaɗai ya durƙusar da su ba, ga matsalar wuta ga tsadar aiki, amma ya taimaka. Rajista ba laya ba ce, sai an bi ta da tsaro.

Yanzu bari in dawo gida, don abin da ya sa na ɗauko maudu'in kenan. Wata ƙanwata tana haɗa yaji tana sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Yajinta ya karɓu, har daga Abuja ake aikowa. Tambarinta kuwa kambin sarauta ne ruwan gwal a kan baƙi, da sunanta a rubutun tafiyar tsutsa, irin wanda ake ɗauka kyauta a manhajar waya. Rannan sai ga wata tsohuwar mai sayenta ta kira tana faɗa, wai yajin ya canza, gishiri ya yi yawa. Da aka bincika, ba nata ba ne. Wasu ne suka fito da roba iri ɗaya, kambi iri ɗaya, suka sauya harafi biyu a sunan. Ta zo min da takarda a hannu tana cewa, "Yaya, ai na yi rajista." Na duba, takardar CAC ce.

Ku ji da kyau, don mutane da yawa a nan suke faɗawa. Rajistar CAC sunan kasuwanci take kamawa, ba ta kama tambari. Rajistar tambari ofishinta daban, yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ake bi. A fara bincike ko wani ya riga ka, a shigar da buƙata, in an karɓa a buga a mujallar tambura, a jira wata 2 ko wani zai yi jayayya, sannan a ba ka shaida. Tana aiki shekara 7, daga nan kana sabuntawa duk shekara 14. In ka yi shekara 5 ba ka amfani da tambarin, ana iya neman a soke shi. Kuma rajista aji-aji ce, aji 45 ne. Yaji yana aji na 30, kilishi na 29, turare na 3, sutura na 25. Wanda ya kama ajin yaji bai kama na turare ba. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya shigo da masu aikin hidima a fili, ya kuma ambaci siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka.

Amma ko da ƙanwata ta je Abujan, da kambin nan zai ba ta wahala, don wata ukun zamaninmu ne. Ku buɗe wayarku ku ƙirga masu turaren wuta da masu kek da masu abaya nawa ne ke da kambi ruwan gwal. Doka tana son abin da ya bambanta. Kalmar da ka ƙirƙira da kanka ta fi ƙarfi, ko kalmar da ba ta da alaƙa da kayan, kamar tauraro a jikin ɗanɗanon miya. Ba za a mallaka maka "yaji mai daɗi" ba, don kowane mai yaji yana da haƙƙin ya ce nasa da daɗi. Sunan gari zalla, kamar Kano ko Dala, shi ma da wuya a ba mutum ɗaya, sai da hujjar cewa jama'a sun daɗe da sanin sa da kayanka. Haka dagin Arewa. Yana jikin gidajen cikin gari, yana jikin riguna da huluna, na kowa ne. Kana iya saka shi a cikin zanenka, amma ba za ka hana maƙwabcinka ba.

Wanda bai yi rajista ba fa, ya rasa komai? A'a, yana iya ƙarar sojan gona. Sai dai nauyin hujja a kansa yake, ya nuna an san shi da alamar, an ruɗi masu saye, ya kuma yi asara. Mai takardar rajista ya fi shi sauƙin tsayuwa gaban alƙali nesa ba kusa ba.

Da muka zauna sake mata tambari, gwaji uku na ba ta, kuma duk daga kakata na koya. A nuna wa yaro ɗan shekara shida sau ɗaya, a aike shi kanti, zai iya cewa "mai kaza" ya dawo da shi? A buga shi baƙi da fari, ƙarami kamar kan ɗan yatsa, ana gane shi? A faɗi sunan a waya cikin hayaniyar Kurmi, zai yi kama da na wani? In ya tsallake ukun nan, sai a nufi rajista, tun kafin a buga sitika dubu.

Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram, ku sani takardar Abuja a iyaka take tsayawa. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Kuma 'yan uwanmu na can sun yi wani abu da ya kamata mu duba. A 'yan shekarun nan sun yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunan yankinsu ke karewa. Sun kuma yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajistar tambarin haɗin gwiwa. Fatar nan dai da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kira ta Maroko, yau tana da takarda da sunan garinsu.

Ni kuwa duk sanda na bi ta Ƙofar Mata na ga an shanya shuɗin nan, sai in duba gefen zanin. Baƙi suna zuwa, su ɗauki hoto, su saya, su tafi da shi ƙasashensu. A mafi yawan waɗanda na ɗaga, babu abin da ke cewa daga ina suka fito, balle wa ya rina. Rinin da ya haura shekara 500 yana fita kamar yadda fata ta fita. Marina da majema da masu ɗinkin hula suna da ƙungiyoyi da shugabanni, kuma cikin masu karanta wannan akwai 'ya'yansu da jikokinsu, wasu lauyoyi, wasu masu zane a kwamfuta. Aikin ba ya buƙatar jiran kowa daga waje.

Ƙanwata dai ta cire kambin, takardunta suna Abuja, muna jiran fitowar mujalla. Wanda yake da sana'a a cikinku, yau da daddare ya ɗauki robarsa ko ledarsa ya nuna wa ƙaramin yaron gidansu, ya tambaye shi, "Wannan mai mene ne?" Ku faɗa mana amsar da ya bayar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.